Ko Ka Sani? A Kan Yatsa Ɗaya Doki Yake Tsaye

Ranar hawan sallah a Anka, idan mahaya suka saki linzami suka nufo ƙofar fadar Sarkin Zamfara a sukwane, idon kowa kan tafi ga rawani da kayan ado. To, ka dubi ƙasa. Kowace ƙafa cikin huɗun nan masu tayar da ƙura yatsa ɗaya ce tak, ta tsakiya, kofato kuwa farcenta ne. Abin da muke kira gwiwa a ƙafar gaba, a jikin mutum wuyan hannu ne. Sauran yatsun sun ƙanƙance, sai 'yan siraran ƙasusuwa biyu da suka rage maƙale a gefen ƙwauri.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne daga gwiwa zuwa kofato babu tsoka ko ta miya. Ƙashi ne, da jijiya, da fata. Tsokar na can sama a cinya da kafaɗa, tana jan ƙafar da dogayen jijiyoyi. Shi ya sa ƙafar ba ta da nauyi, shi ya sa gudu.

Amma fa a nan matsalar take. Duƙushi zai tsage cinya a jikin waya, jini ya yi ta zuba, gida ya rikice. Babban doki na ɗauke da jinin da zai cika jarka mai lita 25 har ya yi saura, don haka a danne wurin da tsumma mai tsabta, a kira likitan dabbobi ya ɗinke tun kafin awa shida ta wuce. Irin wannan yakan warke sarai. Wanda ke kashewa shi ne ɗan hujin ƙaya ko ƙusa kusa da gaɓa, ko gurzar dabaibayi da ta ci fata, domin ba naman da zai tare. Idan ka ga ruwa rawaya mai yauƙi yana tsattsafowa daga ciwon, ruwan gaɓa ne, kada a kwana. Haka in ya ƙi taka ƙafar sam. Jaririn duƙushi kuma da ya wayi gari yana ɗingishi, gaɓa a kumbure da zafi, nan take za a ce goɗiya ce ta taka shi. Sau da yawa ƙwayar cuta ce ta shiga ta cibiya.

Masu shafa baƙin mai ko kashin shanu a ciwo, don Allah a bari. Ƙwayar sarƙe-haƙora a ƙasa take zaune, da cikin kashin dokin kansa, kuma doki na cikin dabbobin da ta fi kayarwa. Bayan sati ɗaya zuwa uku sai ka ga kunnuwa sun miƙe, wutsiya ta ɗaga, ƙafafu sun sandare, baki ya ƙi buɗuwa. Akasari ba sa tashi. Allurar da za ta tare wannan ita ce babban dalilin kiran likita ko da ciwon bai kai ƙwayar gero ba. Abin da ya gagari na kusa a Gummi ko Bukkuyum, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ga kuma abin mamaki: allurar nan daga jinin doki ake tace ta. Tun 1890 wasu masu bincike, Behring da Kitasato, suka gano dabarar a Jamus, daga baya aka koma kan dawaki saboda yawan jininsu. Har yau ɗaya daga cikin magungunan sarar kububuwa da aka haɗa musamman domin Najeriya, EchiTAb-Plus, daga jinin dawakin ƙasar Kosta Rika yake fitowa.