Dokar Burusel ta ƙetare teku

Ranar 25 ga watan Mayu na shekara ta 2018 Tarayyar Turai ta soma aiki da dokar kare bayanan mutane, wadda masu jin Faransanci suka sani da sunan RGPD. Dokar ta ce suna, hoto, lambar tarho da adireshin mutum mallakarsa ne. Babu kamfanin da zai tattara su ba da hujja ba, kuma mai su yana da ikon neman a share su. Wanda ya karya ta, tararsa za ta iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara a duniya baki ɗaya. A 2023 hukumar ƙasar Ailan ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar yuro milyar 1 da miliyan 200, wato kimanin milyar 787 na kuɗin sefa.

Yaya dokar da aka rubuta a Burusel take kai wa ga wanda bai taɓa taka Turai ba? Ta hanyar kasuwa. Tarayyar na da mutane wajen miliyan 450, kuma babu babban kamfanin da zai juya musu baya. Tafiyar da tsari biyu kuwa akwai tsada; tun 2018 Microsoft ya ba abokan cinikinsa na ko'ina irin haƙƙin da dokar ta ba Turawa. Gwamnatoci su ma sun bi sahu: Barazil a 2018, Kenya a 2019 da Najeriya a 2023 sun kafa dokoki masu kama da ta Turai. Nijar ta yi tata a 2017, ta sabunta ta a 2022, aka ɗora wa hukumar HAPDP kula da ita.

Sai dai ba kariya kaɗai ke ƙetare teku ba. A 2017 Jamus ta tilasta wa manyan shafukan sada zumunta cire kalaman da suka saɓa wa doka ƙarara cikin awa 24. A wannan shekarar ƴan majalisar Rasha suka gabatar da daftari mai kama da shi, ƙungiyar Reporters sans frontières ta yi tir da abin. A Jamus akwai kotu mai cin gashin kanta da jaridu masu tsawatarwa. Inda babu su, mai mulki ne ke fayyace abin da ya saɓa wa doka.

Mu ma a nan gida mun ga yadda dokar intanet ke sauya fuska. Ta 2019 kan laifukan intanet ta tanadi ɗauri kan ɓata suna. An soke ɗaurin a 2022, aka maido da shi a watan Yunin 2024.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Kwafar ayoyin doka aikin mako guda ne. Samar da alƙalin da zai tsaya wa talaka gaban kamfani da gaban hukuma shi ne aikin da Burusel ba za ta yi mana ba.