Tabarya ta huta, tukunya na nan

A Musawa, kamar sauran garuruwan noma na kudancin Katsina, injin niƙa ya karɓe aikin da iyayenmu mata suka tsufa a kansa: surfe, daka, niƙa a dutse. Rahama ce, ba mai fatan a koma baya. Sai dai da tabarya ta huta, tukunya ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi da taliya da lemon kwalba da soye-soye. Matar da ke suyar awara ko ƙuli-ƙuli tun hantsi har la'asar tana tashi a gajiye liƙis, amma a zaune ta wuni. Gajiya daban, motsa jiki daban.

Sau da yawa ana ɗora wa motsa jiki nauyin da ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba. Kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da kalori kusan 200, wanda sai mace ta yi tafiyar kusan awa guda kafin ta ƙona. A 2012 Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna mutanen Hadza na Tanzaniya, masu wuni suna yawon farauta da tonon saiwa, suka tarar idan an yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a yini bai wuce na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Ke nan akushi ne ya fi yanke hukunci a kan sikeli. To me ya sa za a motsa? Domin motsi yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, ya sassauta hawan jini, ya kuma hana ƙibar da aka sauke saurin dawowa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, wanda akasarin mahalartansa mata ne, ya nuna haɗa gyaran abinci da motsin minti 150 a mako ya rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin ɗari.

Wani zai ce damuwarmu a karkara yunwa ce, ba ƙiba ba. Da gaskiyarsa, amma rabi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano kashi 12 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 ramammu ne, kashi 28 kuma nauyinsu ya wuce kima, yayin da kashi 58 ke fama da ƙarancin jini. A gida ɗaya ana iya samun su duka. Tuwon masara da yawa da miya tsululu yana cika jiki, amma ba ya ƙara jini kamar wake da zogale da nama. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda muke kallon ƙiba a matsayin shaidar hutu a gidan miji, har 'yan mata na haɗiyar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, masu kumbura jiki tare da tayar da sukari da hawan jini.

Batun kulle ma ba shinge ba ne ga motsa jiki. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta minti 150 zuwa 300 a mako ba ta ce sai a filin wasa ba. Sharar tsakar gida, jan guga, surfen tiya guda, takawa zuwa Islamiyya maimakon hawa babur, duk suna cikin lissafi muddin numfashi ya ɗan ɗaga. Minti 150 ɗin sun haɗa har da mai ciki da mai jego, in dai ma'aikatan asibiti ba su ga wata matsala ba a wajen awo.