Sifar Ƙasusuwan Hannu a Hoton Asibiti da Auna Karkacewar Karaya

Tun shekarar 1895, sa'ad da Bajamushen nan Rontgen ya ɗauki hoton ƙasusuwan hannun matarsa, likitoci su ke duban karaya da ido. Amma wanda bai san sifar lafiyayyen ƙashi ba, ba ya iya auna karkacewar karyayye.

Ƙasusuwan hannu 27 ne: 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. A kan ɗauki hoto uku, watau ta baya, da ta gefe, da a kaikaice. Na gefe shi ya fi nuna karkacewa.

Ƙasusuwan tafi ba miƙaƙƙu ba ne sarai. Kowanne yana da gindi, da jiki, da wuya, da kai, wuyan kuwa ya ɗan sunkuya wajen tafi da misalin digiri 15 tun halitta. Saboda haka in an ja layi bisa tsawon jikin ƙashin, aka ja wani ta wuya zuwa kai, aka sami digiri 45, to, karkacewar da karaya ta jawo kamar 30 ce kurum.

Sa'an nan kuma ba duk ƙasusuwan ke jure karkacewa daidai ba. Na manuniya da na yatsan tsakiya kafe su ke a gindi, don haka in ta wuce digiri 10 zuwa 15 sai a gyara. Na ƙaramin yatsa, wanda ya kan karye in an kai naushi ga abu mai tauri, gindinsa yana motsi, ya kan jure digiri 40, wani lokaci fiye.

Ga yara akwai wani tarko. Guringuntsin da ƙashi ke tsawo daga gare shi ya kan fito a hoto kamar tsaga. A ƙasusuwan tafi huɗu yana wajen kai, amma a na babban yatsa yana gindi. Mai gaggawa ya kan ce karaya ce.

Abu guda kuwa hoto ba ya nuna shi sosai, watau murɗewar ƙashi. Sai an sa majinyaci ya dunƙule hannu. In wani yatsa ya hau ɗan'uwansa, ƙashin ya murɗe, tilas a gyara shi kafin ya haɗe, in ba haka ba riƙon fartanya ko alƙalami ya zama wahala.