Farar Tawada: Wuyar Bugu, Jinkirin Bushewa

Katin ɗaurin aure baƙi wuluk ko shuɗi mai duhu, da sunayen ango da amarya cikin fararen haruffa, ya zama abin yayi a Birnin Kebbi kamar sauran biranenmu. In irin wannan kati ya shigo hannunka, ɗan yagi gefensa ka duba. Idan cikin takardar fari ne, to babu ko ɗigon farar tawada a jikinsa. Farar takarda aka ɗauko aka lulluɓe ta da baƙi, aka bar gurbin haruffan ba a taɓa ba. Yawancin katunan da ke yawo a gari haka ake yin su. Idan kuwa cikin ma baƙi ne, kuma yatsanka ya ji haruffan sun ɗan taso, to an buga fari na gaske, kuma wani ya sha wahala kafin katin ya iso gare ka.

Firintar ofis da babban injin maɗaba'a duk da launi huɗu suke aiki: shuɗi, ja mai ɗan jirwayen hoda, rawaya da baƙi. Banda baƙin, sauran ukun shara-shara ne. Haske yana ratsa su, ya bugi farar takarda, ya dawo wa ido da launi. Farin takardar shi ne ke yin rabin aikin. Sa baƙar takarda a irin wannan inji, abin da zai fito da ƙyar za ka gane shi.

Malamanmu na zaure ba su taɓa fama da wannan ba. Tawadar gawayi da ƙaro da ake rubutu da ita a allo, da wadda aka kwafi littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, duhu ce a kan haske, kuma kaɗan daga cikinta ya wadatar. Fari aikinsa daban ne: sai ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa ruf, ya tare haske ya watsa shi baya.

Duk wanda ya taɓa shafa farar ƙasa a bango kafin Sallah ya ga yadda abin yake. Tana ɗanya ba ta da wani farin kirki, har bangon ana hangowa ta cikinta. Sai ta bushe take yin fari fat, domin iska ta maye gurbin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinta, kuma haske ya fi karyewa tsakanin iska da ƙwayar fiye da tsakanin ruwa da ita. Wannan ne dalilin da ya sa ba a yin farar tawada da alli ko farar ƙasa: da zarar an kwaɓa su da mai, farinsu ya tafi, kuma man ba ya barin wurin. Ana bukatar garin da zai iya karya haske ko yana cikin mai tsundum. Garin nan shi ne taitaniyam dayoksaid, wanda aka fara sarrafa shi da yawa a Nowe da Amurka wajen 1916. A ma'aunin karya haske alli bai wuce 1.6 ba, mai yana wajen 1.5, shi kuwa ya kai 2.7. Shi ne a cikin farin fenti, da farar roba, da wasu man goge baki. Kafin zuwansa da farar dalma ake aiki, wadda guba ce. Ma'adanan da ake ciro shi daga cikinsu akwai su a tudun Jos, inda aka daɗe ana haƙar kuza, amma tawadar da masu bugunmu ke saye daga waje take zuwa, kuma farashinta yana bin dala.

Garin yana da nauyi, ya ninka ruwa kusan sau huɗu. Ajiye kwalbar farar tawada kwana biyu, za ka tarar ya kwanta a ƙasa, ruwa-ruwa ya taso sama. A cikin inji mai fesa tawada ta ƙananan kafofi, wannan kwanciya ita ce toshewar kai, kuma kan inji yana cikin sassa mafi tsada a jikinsa. Shi ya sa ake haɗa irin waɗannan injina da famfon da ke juya farin ba tsayawa, shi ya sa kuma ɗauke wuta ya fi cutar mai buga fari. In an yini babu wuta babu janareto, washegari da wankin kai zai fara.

Bushewa kuma ba iri ɗaya ba ce. Tawadar jarida ba bushewa take yi ba, takarda ce ke tsotse manta, shi ya sa take baƙanta hannu. Ta babban injin buga littattafai da kalanda tana ɗauke da mai irin na tsirrai, wanda sai ya haɗu da iska sannan ya daskare, kuma hakan na cin awoyi, wani lokaci yini guda ko fiye. Akwai wadda ruwa ko tina, wato sinadarin tsinka fenti, ke tashi daga cikinta a bar launi. Fari yana shan wahala a duk hanyoyin nan, domin dole a zuba shi da kauri, sau biyu ko uku a wuri guda, sannan takardun da aka fi son buga shi a kansu masu santsi ne ko masu rufin roba, ba sa shan komai. Sai sama ya yi ɓawo, ƙasa na ɗanye. Ka taɓa ka ji kamar ya bushe, a tara katunan a ɗaure, da safe a tarar kowane kati ya buga sunan amarya a bayan ɗan'uwansa, a juye.

A ƙananan shaguna da sikirin ake yin wannan aiki. Raga ce a miƙe a jikin katako, an toshe kafofinta sai inda haruffa suke. Yaron shago zai zuba farin a gefe, ya ja shi da faifan roba ƙiii zuwa wajen cikinsa, ya ɗaga katakon, ya zare katin ta gefe da yatsu biyu. Daga nan sai shanya: kan benci, kan tabarma, kan kwali, ɗaya bayan ɗaya, ba mai taɓa wani. Kati ɗari biyar kan cinye shago har ƙofa. Babban inji kuwa garin sitaci yake busawa tsakanin takardu don kada su manne.

A kwarin Rima yanayi ma yana da ta cewa. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da fadama ta cika, iska na ɗauke da laima, takarda ta sha danshi ta lanƙwashe, tawada mai ruwa ta ƙi tashi. Da hunturu sai a koma fama da ƙura, wadda ke sauka a kan ɗanyen fari ta zauna, kuma babu launin da ke tona asirin ƙura kamarsa. Da bazara, zafi ya haura digiri 40, tawadar kan bushe a jikin ragar kafin a kai kati na gaba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2016, yakan faɗo ne wajen Fabrairu ko Maris, tsakanin ƙurar da zafin. Riguna da huluna masu duhu da ake bugawa don irin wannan taro duk sai an shimfiɗa musu fari a ƙasa kafin launi ya fito, kuma tawadar riga mai roba ba ta kamawa sai ta ji zafin wajen digiri 160. Wadda ba ta ji ba, wanki ɗaya ko biyu ta fara tsagewa.

Ko buhun shinkafa mai sheƙi, irin wanda ya yawaita tun da nomanta ya bunƙasa har aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, sau da yawa hotonsa a bayan leda shara-shara ake buga shi, a juye, sannan a bi shi da fari daga ƙarshe don launukan su tashi.

Sababbin hanyoyi sun rage jira. Injin UV yana daskarar da tawada da fitila nan take, ko a kan gilashi. Akwai firintar leza mai farin gari wadda zafi ke narkar da shi ya manne. Akwai kuma farar leda da ake dannawa da ƙarfe mai zafi, ba ta bukatar shanya sam. Duk sun fi tsada, kuma ba kowane shago ke da su ba.

A ganina mafi yawan katunan da ke lalacewa ba rashin iya aiki ne ya ɓata su ba, gaggawa ce. Uban biki zai zo ranar Laraba, ɗaurin aure ranar Asabar, ya ce, "Malam, gobe da safe nake son su." Mai shago ba ya son ciniki ya wuce shi, sai ya ce, "An gama, Alhaji," ya ƙara tina don tawadar ta yi saurin bushewa. Farin ya tsinke ya koma toka-toka, yara kuma su kwana suna shaƙar warin a rufaffen ɗaki, abin da ke jawo ciwon kai da jiri. Wanda ke son fari na gaske a kan baƙar takarda ya kai aikinsa da mako guda a hannu, ya nemi a buga masa guda ɗaya, ya dawo washegari ya murza shi da babban yatsa kafin a ci gaba da sauran. Wanda lokaci ya ƙure masa kuwa, gara ya karɓi farar takardar da aka lulluɓe da baƙi.