Ƙungiyar Woolhope: Yadda Masu Sha'awa Suka Raya Kimiyyar Halittu

Hausawa kan ce da yayyafi kogi kan cika. Haka ilmin halittu yake, domin mafi yawansa an tattaro shi ne kaɗan-kaɗan daga mutanen da suka zura ido ga abin da ke kewaye da su. Tarihin Ƙungiyar Woolhope ta ƙasar Ingila ya isa misali.

An kafa wannan ƙungiya a shekarar 1851 a lardin Herefordshire, ta kuma samo sunanta daga wani tudu mai tsofaffin duwatsu da ke kusa da birnin Hereford. 'Yan ƙungiyar ba malaman jami'a ba ne. Likitoci ne da limaman coci da masu gonaki, waɗanda sukan keɓe ranaku su fita daji, su duba duwatsu da tsirrai da tsuntsaye, sa'an nan su rubuta abin da suka gani a mujallarsu.

A shekarar 1868 wani likita mai suna Henry Graves Bull ya ƙirƙiro fita ta musamman kowace kaka domin neman laimar kwaɗi. Akan tsinto ta, a baje, a rarrabe mai ciyuwa da mai dafi, kana a dafa mai ciyuwar a ci. Wannan al'ada ta jawo masana daga sassan Birtaniya har da Faransa, ita ce kuma ta share fagen kafa ƙungiyar nazarin laimar kwaɗi da danginta ta Birtaniya a 1896.

Aiki na biyu ya shafi gonakin tuffa na lardin, waɗanda suka fara lalacewa saboda sakaci. Ƙungiyar ta riƙa shirya baje kolin 'ya'yan itatuwa, ta kuma wallafa littafin Herefordshire Pomona, wanda aka kammala a 1885. Mata biyu, Alice Ellis da Edith Bull, su suka zana hotunansa masu launi, ko da yake sai a 1954 aka yarda mata su zama cikakkun 'yan ƙungiyar. Har yau ana komawa ga littafin domin gane tsofaffin irin tuffa.

Darasin a fili yake: tsiron da ba a rubuta sunansa da siffarsa ba, ranar da ya ɓace ba mai sanin an yi hasara. Wannan hidima kuwa ba ta bukatar ɗakin gwaje-gwaje, sai ido da alƙalami da naci.