Adon Bango da Kuɗi Kaɗan: Yadda Za Ki Haɗa Firam da Hannunki

'Yan uwana mata, kowace a cikinmu tana da wani abu da take ji da shi: hoton biki, hoton mahaifiya da ta riga mu gidan gaskiya, takardar gama makarantar yaro, zanen da 'yarki ta yi a aji, ko ɗinkin fulawa da kika ɓata sati biyu a kansa. Wasu sun ɓoye nasu a ƙarƙashin katifa, ba mai gani. Wasu kuma sun manna a bango da koko ko salatif.

A wata ƙungiya da nake zagayawa, wata baiwar Allah ta nuna mini takardar firamare ta ɗanta. Da koko ta manna ta a bangon ɗaki don baƙi su gani. Kafin damina ta fita, gara ta biyo ta baya ta cinye rabin sunan yaron. Na tambaye ta me ya hana ta sa a firam, sai ta ce, "Malama, ai kuɗin firam ɗin shago ya fi zubina na sati." Gaskiyarta ne. Amma firam ba dole sai na shago ba. Aikinsa na farko shi ne tsare abin da ke cikinsa, ado daga baya yake zuwa, kuma yawancin kayan haɗa shi suna nan cikin gidanki.

Fara da zaɓen wuri

Abubuwa huɗu ne ke lalata hoto, takarda da ƙyalle: danshi, rana, hayaƙi da ƙwari. Saboda haka kafin ki kafa ƙusa, duba bangon da kyau. Bangon da ruwa ke duka daga waje yana jiƙa da damina, ki bar shi. Inda rana ke haskowa ta taga ko ƙofa, launi zai koɗe. Kusa da murhu ko inda kike turaren wuta, hayaƙi zai dafar da abin. Ki zaɓi busasshen bango na ciki, ki rataye daidai idon mutum idan yana tsaye, inda hannun yara ba zai kai ba. Idan rubutun ayoyi ne ko allon zayyana na sauka, a ɗaga shi sama da sauran saboda girmamawa. Akwai gidajen da ba sa rataye hoton mutum, to babu damuwa, faifai da ɗinki da zane sun isa su ƙawata ɗaki.

Firam na kwali da ƙyalle

Wannan shi ne mafi sauƙi. Ki nemi kwali mai kauri irin na taliya ko sabulu, ƙyallen atamfa daga wurin tela, farar leda mai kauri wadda ake ganin abu ta cikinta, gam, almakashi da zare.

1. Yanka kwali biyu girma ɗaya, kowanne ya fi hoton da faɗin yatsa uku ta kowane gefe.
2. A ɗayan, ki yanke taga a tsakiya. Tagar ta ɗan gaza hoton, don gefensa ya ɓuya.
3. Lulluɓe mai tagar da ƙyalle, ki naɗe bakin ta baya, ki manne. Bari ya bushe sarai.
4. Manna leda a bayan tagar.
5. A ɗaya kwalin, ki yi ƙananan aljihu huɗu na takarda, ɗaya a kowace kusurwa, ki soka kusurwoyin hoton a ciki. Kada gam ya taɓa hoton kansa.
6. Huda wuri biyu a saman kwalin baya, ki zura zaren ratayewa, sannan ki haɗa kwalayen biyu ta gefe.

Ki yi wannan aikin ranar da iska ta bushe, an fi so da rani. Idan kika rufe hoto a leda yana da laima, da hannunki kika kulle masa danshi a ciki. Ki guji ƙullun rogo ko koko, domin abincin kyankyaso da gara ne. Shi kuma salatif, idan ya daɗe sai ya bar jan tabo wanda ba ya fita.

Firam na kara

Bayan girbi karan dawa kyauta ne. Ki zaɓi huɗu miƙaƙƙu, busassu, marasa hujin ƙwaro. Ki kankare su, ki gitta bakinsu, ki ɗaure kowace kusurwa tamau da zaren saƙa mai launi, sannan ki ɗinke kwalin da ke ɗauke da zanen a bayansu. Yana kyau ƙwarai da zanen yara. Sai dai fa gara na son kara, don haka kada ya jingina da bangon ƙasa.

Idan kina son katako da gilashi

Kafinta yana da guntayen katako, mai haɗa tagogin alminiyam kuma yana da guntayen gilashi. Sun fi sabo araha nesa ba kusa ba. Ki tafi da awonki a rubuce. Takarda irin wadda ake fotokwafi da ita, wato A4, faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kusan 30. Ki tambayi farashi a wuri biyu ko uku kafin ki biya. Abu ɗaya da ba a mantawa: a sa kwali mai taga tsakanin hoto da gilashi. Idan danshi ya shiga, hoto yakan manne wa gilashi, ranar da kika zo ɓamɓarewa sai fuskar ta tafi da shi.

Faifai, ƙwarya da ɗinki

Waɗannan ba sa bukatar firam. Faifai, ki yi masa ɗan hannu na zare ta baya. Ki fara jera su a kan tabarma, babban a tsakiya, ƙananan a kewaye, sai tsarin ya yi miki sannan ki kai bango. Ƙwarya mai sassaƙa, a saƙa mata 'yar ragaya. Ɗinkin hannu kuwa, ki wanke, ki goge ta baya, ki shimfiɗa a kan kwali, ki ja bakinsa ta baya da dogon zare daga gefe zuwa gefe har ya miƙe. Duk ranar da ya yi ƙura, warware zaren kawai za ki yi ki wanke.

Ratayewa

Bangon siminti sai ƙusar kankare. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙaramar ƙusa, gara ki fere ɗan ice mai ƙarfi ki kafa shi bakinsa na kallon sama, ko ki sauko da igiya daga azara. Ki manna murfin kwalba biyu a bayan firam ta ƙasa. Za su ɗaga shi daga bango iska ta riƙa ratsawa. Sau ɗaya a wata, musamman da damina, ki sauke ki leƙa bayansa.

Takardu masu muhimmanci

Takardar haihuwa, ta makaranta, ta fili, kada ki rataye ainihinsu. Ki yi fotokwafi ki sa a firam, ainihin kuma ki adana a jakar leda cikin akwatin ƙarfe. Lamineshan ma a yi wa kwafin, domin idan an narka leda a jikin takarda ba ta ciruwa sai da ɓarna. Tsohon hoto wanda babu irinsa, a ɗauke shi da waya kafin komai.

Maganar kuɗi

Kada ki ci bashin asusun ƙungiya don adon ɗaki. Ado ba ya dawo da kuɗi, ranar biya kuwa tana nan tafe. Abin da ya fi shi ne ku huɗu ko biyar ku haɗa ku sayi gam ɗaya da leda yadi ɗaya ku raba. Idan hannunki ya faɗa har maƙwabta suka fara tambaya, to nan magana ta canja, domin masu jeren amare da iyayen 'yan sauka suna neman irin wannan. Ki yi guda biyu na gwaji, ki rubuta abin da kika kashe har da kuɗin mota, ki ƙara ladan aikinki. Sai kin ga mai saye da riba a fili sannan ki kawo maganar bashi gaban ƙungiya.

Aikin zama mai zuwa

Kowace ta zo da abu ɗaya da take son ratayewa, da kwali, da ƙyalle. Mai almakashi ta taho da shi. Za mu haɗa na farko tare, wadda ta riga gamawa ta taya ta kusa da ita.