Ko Kun Sani? Sandar Fatsa Mai Tsage Shida

A Amurka da Ingila akwai masu fatsa da ƙugiyar da aka ɗaure wa gashin tsuntsu don ta yi kama da ƙwaro, kuma wasunsu da hannunsu suke haɗa sandar. Mafi daraja ita ce ta gora. Ba kowace gora ba kuwa: wadda ake kira Tonkin ce, daga lardin Guangdong na ƙasar Sin, saboda ƙarfin jijiyoyin da ke ƙarƙashin fatarta.

Sai a tsaga gorar, a gasa ta, a feƙe tsage shida, kowane mai kusurwa uku ta digiri 60, yana sirancewa har baki. Nan aikin yake, domin kuskuren da bai fi kaurin gashi ba yana iya sauya yadda sandar ke lanƙwasa. Daga nan a manne su da gam su zama sanda guda, a ɗaure zobban igiya da zaren siliki.

Da Amurka ta hana shigo da kayan Sin a 1950, gorar nan ta yi wuya har 1971. Wani littafin koyar da haɗa sandar, na Garrison da Carmichael, da ya fito a 1977, ya taimaka ƙwarai wajen mayar da sana'ar hannun masu sha'awa.